Motocin Taurarin Holiwud Na Da, Da Labaran Da Aka Ɗora Masu

A watan Agusta na shekarar 1918 babu wanda ya san sunan Gary Cooper, don kuwa a lokacin yaro ne ɗan shekara 17 a jihar Montana ta Amurka. Shekara 100 cif bayan haka, wato a watan Agusta na 2018, aka yi gwanjon wata tsohuwar motarsa ƙirar Duesenberg a Pebble Beach ta jihar Kalifoniya, wani attajiri ya saye ta a kan dala miliyan 22. Har zuwa ranar ba a taɓa sayar da wata mota ƙirar Amurka a gwanjo da kuɗi kamar haka ba. Shi kuwa mai motar ya rasu tun 1961, kamfanin da ya ƙera ta ya rufe tun 1937. To me mutumin nan ya saya? Motar dai mai kyau ce, kuma guda 2 kacal aka taɓa ƙera irinta. Amma duk wanda ya san kasuwar tsofaffin motoci zai gaya maka cewa wani kaso mai tsoka na kuɗin nan suna aka biya, da labarin da ke bin sunan. Mu da sana'armu ita ce tsara labari, ya kamata mu tsaya mu dubi yadda labari kan hau ƙarfe ya zauna, da yadda gaskiya da ƙarya kan cakuɗe a cikinsa.

Sai mun koma baya kaɗan. Wajen 1911 ne masu shirya finafinai suka fara kafa sansani a Holiwud, wata unguwa a gefen birnin Los Anjalis, saboda akwai hasken rana kusan duk shekara, kuma wurin ya yi nisa da lauyoyin Thomas Edison masu bin su da ƙara a kan na'urar ɗaukar hoto. Kafin shekara 10 kuɗi ya ɓarke a wurin kamar ruwan Agusta. Yaran da jiya suke wasan barkwanci a rumfunan kasuwa suka wayi gari suna karɓar abin da gwamnan jiha ba ya samu. A zamanin da leburan kamfanin Ford yake murna da dala 5 a yini, wani mai ban dariya, Roscoe Arbuckle, wanda ake wa laƙabi da Fatty saboda ƙibarsa, yana da kwantiragin kusan dala miliyan guda a shekara da kamfanin Paramount.

A wancan zamani ba a sayen babbar mota yadda ake saye a yau. Kamfani kan sayar maka da ƙashin motar ne kawai, wato inji da tayoyi da sitiyari da ƙarfen da ke riƙe da su, sai ka kai wa maƙeran bodi su ɗora maka irin gangar jikin da ranka yake so, kamar yadda mutum kan sayi shadda ya kai wa tela. Saboda haka kowace mota tana iya zama ita kaɗai ce irinta a duniya. A Los Anjalis akwai wani saurayi, Harley Earl, ɗan wani maƙerin keken doki, wanda ya ƙware a wannan aiki. A 1919 wani dillalin Cadillac mai suna Don Lee ya saye shagon mahaifinsa, ya bar shi a matsayin mai zane. Shi ne ya tsara wa Arbuckle bodin wata ƙatuwar Pierce-Arrow mai launin shuɗi mai ratsin shunayya, wadda kuɗinta zai sayi ƙananan Ford gommai. Kamfanonin fim kuwa suna da ofisoshi na musamman da aikinsu shi ne raba wa jaridu hotunan taurari, kuma sun gane cewa hoton jarumi jingine da irin wannan mota ya fi dogon bayani aiki. Talaka mai biyan 'yan sulalla ya shiga silima yana so ya gaskata cewa wanda yake gani a majigi haka yake rayuwa a waje.

To amma duniya rawar 'yan mata ce. A cikin wannan motar Arbuckle ya tafi San Faransisko a watan Satumba na 1921 don shaƙatawa, inda wata 'yar wasa, Virginia Rappe, ta kamu da ciwo a wajen liyafarsa a otel, ta rasu bayan 'yan kwanaki. Aka tuhume shi da kisa. Sau 3 ana shari'a, a ta ukun, a watan Afrilu na 1922, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi tas, har da ba shi haƙuri a rubuce. Wankewar ba ta yi masa rana ba. Jaridun da jiya suke buga hoton motar don a yi sha'awa, su ne suka koma buga ta a matsayin shaidar almubazzaranci da lalacewar Holiwud. Kuɗin lauyoyi ya cinye dukiyarsa, motar ta bar hannunsa, ya mutu a 1933 yana ƙoƙarin farfaɗowa.

Rudolph Valentino, ɗan Italiyan da matan Amurka suka haukace a kansa, nasa labarin gajere ne. Yana da Voisin ƙirar Faransa mai gunkin kumurci a hancinta. Ya ba da odar wata Isotta Fraschini daga ƙasarsu, aka kai ta kamfanin Fleetwood don a yi mata bodi bisa tsarin da ya zaɓa, sai ajali ya riske shi a Niyok ranar 23 ga Agusta, 1926, yana da shekara 31. Bai taɓa zama a cikinta ba. Duk da haka har yau motar Valentino ake ce da ita.

Shi kuwa Harley Earl, tauraronsa ne ya ci gaba da haskawa. Shugaban Cadillac, Lawrence Fisher, ya ga aikinsa, ya gayyace shi Ditiroit ya zana LaSalle ta 1927. Motar ta karɓu, sai kamfanin General Motors ya buɗe sashen zane da launi ya damƙa masa, ya riƙe har 1958. Kafin zuwansa injiniyoyi ne ke yanke shawarar kamannin mota, kuma ba ruwansu da ado. Earl ya zo masu da ɗabi'ar Holiwud: a sassaƙa siffar mota da yumɓu tukuna a ga yadda za ta ɗauki ido, a riƙa sauya fasali kowace shekara don ta bara ta zama tsohon yayi. Fikafikan nan da suka fara fitowa a bayan Cadillac a 1948 daga sashensa suka fito. A ganina wannan shi ne babban gadon da taurarin fim marar magana suka bar wa duniya ba tare da sun sani ba, domin duk mai sauya mota saboda an fito da sabon fasali, alhali tasa lafiyarta lau, almajirin wancan zamani ne.

Mu dawo kan Duesenberg da muka fara da ita. 'Yan'uwa biyu ne haifaffun Jamus, Fred da August Duesenberg, gwanayen ƙera motar tsere amma ba su iya kasuwanci ba. A 1926 wani ɗan kasuwa, E. L. Cord, ya saye kamfanin ya ce su ƙera masa motar da ta fi kowace a duniya. A watan Disamba na 1928 aka nuna samfurin J a Niyok, mai ƙarfin doki 265, a lokacin da ƙaramar Ford take da 40. Ƙashinta kawai dala 8,500 ne, alhali da wajen dala 500 za ka sayi Ford sabuwa fil da bodinta da komai. Ba a yi shekara ba kasuwar hannun jari ta rushe a watan Oktoba na 1929. Zuwa 1933 kusan mutum guda cikin kowane ma'aikata 4 na Amurka ba shi da aiki. Attajiran Niyok da suka tsira da dukiyarsu sai suka fara jin nauyin fitowa da irin wannan mota ta gaban masu layin karɓar miya. An yi niyyar sayar da 500 a shekara, amma duk tsawon rayuwar samfurin abin da aka ƙera bai kai 500 ba.

Wuri guda da ba a jin wannan nauyi shi ne Holiwud, inda nuna arziki wani ɓangare ne na sana'a. Saboda haka a 1935 kamfanin ya ƙera wasu guda 2 na musamman da ake kira SSJ, gajeru, masu kujera biyu, da inji mai ƙarfin doki kusan 400. Ɗaya ta tafi hannun Gary Cooper, ɗayar kuma aka ba Clark Gable aro. Banza ba ta kai zomo kasuwa: so ake a gan su a ciki, a ɗauki hoto, ko wasu sa yi sha'awa su zo da kuɗi. Dabarar ba ta ceci kamfanin ba, don shekara 2 bayan haka ya rufe. Abin lura a nan shi ne, ta biyun nan aro ce, ba ta daɗe a hannun Gable ba, ta shafe shekaru da dama a hannun wasu mutane da suka kashe kuɗinsu suna kula da ita, amma ba wanda yake kiranta da sunansu. An ce zanen aro ba ya rufe katara, wannan kam ya rufe har ya yi saura.

Gable yana da wata Duesenberg ɗin tasa ta kansa, ta 1935, wadda ya riƙa yawo da Carole Lombard a ciki kafin su yi aure a 1939. Ranar 16 ga Janairu, 1942, jirgin saman da ya ɗauko Lombard ya daki wani dutse kusa da Las Begas, tana dawowa daga gangamin tara wa gwamnati kuɗin yaƙi. Ba wanda ya tsira. Gable ya shiga sojan sama a wannan shekara. Dillalai kan ce baƙin ciki ne ya hana shi sake kallon motar, ya sa aka sayar da ita can nesa inda ba zai ƙara ganinta ba. Haɗarin jirgin yana cikin takardun hukuma. Abin da ke cikin zuciyar mutum game da motarsa kuwa ba a rubuta shi a rasit, amma shi ne jimlar da ta fi kowace fitowa a takardar talla duk ranar da aka kawo motar kasuwa.

Dattawanmu da suka yi zamani da finafinan kaboyi a gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos, kafin na Indiya su ƙwace fagen, sun san siffar jarumin nan mai faffaɗar malafa da doki mai wayo. Tom Mix na cikin waɗanda suka fara kafa wannan siffa, ya yi finafinai kusan 290, yawancinsu marasa magana, tare da dokinsa Tony. Mutumin da ya shekara da shekaru yana faɗowa daga kan doki yana tashi, mota ce ta yi ajalinsa. Ranar 12 ga Oktoba, 1940, yana tuƙa wata Cord mai ruwan ƙwai a hamadar Arizona, kusa da garin Florence, ya iso inda ake gyaran gada da gudu, ya kauce ya faɗa kwari. Wani akwatin ƙarfe da ya ɗora a bayansa ya taso ya buge shi a ƙeya, wuyansa ya karye. Yana da shekara 60. An gyara motar, tana nan. A wurin da ya mutu kuma aka kafa alama, amma siffar doki marar mahayi aka ɗora a kanta.

Ga 'yan'uwa masu koyon rubutu, akwai wani fim na 1950 da ya cancanci nazari, Sunset Boulevard, wanda Billy Wilder ya ba da umarni, ya kuma rubuta tare da Charles Brackett da D. M. Marshman. Labarin wata tauraruwar zamanin fim marar magana ne, Gloria Swanson ta fito a matsayinta, wadda duniya ta manta da ita amma ita ba ta sani ba. A garejinta akwai wata tsohuwar Isotta Fraschini ta 1929. Sai aka yi ta bugo mata waya daga Paramount, ta ɗauka an tuna da ita ne, ta ci ado ta sa direbanta ya kai ta. Ashe motar suke so su yi haya don wani fim. Dubi yadda marubutan suka kauce wa dogon sharhi a kan tsufa da gushewar ɗaukaka, suka bar kiran waya guda ya yi aikin. Mu kan cika shafi uku muna gaya wa mai karatu cewa Alhaji ya talauce, alhali da mun nuna masa Marsandin da ke kan duwatsu a ƙofar gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta, da ya gane tun a layin farko. Wani abin dariya kuma, Erich von Stroheim da ya fito a direban bai iya tuƙi ba, janyo motar aka riƙa yi. Tana ajiye a gidan tarihin motoci na birnin Turin a Italiya.

Amma duk cikin motocin nan babu wadda labari ya yi wa kaka-gida kamar ta James Dean. Ga abin da ya tabbata. Dean yaro ne ɗan shekara 24, fim ɗinsa guda ne ya fito, East of Eden, sauran biyun suna hanya. Yana son tseren mota, har kamfanin Warner ya hana shi shiga tsere sai ya gama aikin fim ɗin Giant. Yana gamawa, ranar 21 ga Satumba, 1955, ya sayi Porsche 550 Spyder, wata 'yar ƙaramar motar tsere ta Jamus mai jikin alminiyam, wadda guda 90 kawai aka ƙera. Aka rubuta mata lamba 130, aka kuma rubuta laƙabin Little Bastard a bayanta, wato ɗan ƙaramin shege. Ranar 30 ga wata ya nufi garin Salinas inda za a yi tsere. Da farko an shirya ɗora ta a tirela, sai aka ga gara ya tuƙa ta don injin ya saki, shi ma ya saba da ita. Makanikensa Bajamushe na zaune a gefensa. Da la'asar ɗan sanda ya ba shi takardar laifin gudu. Gab da faɗuwar rana, a wata mararraba kusa da ƙauyen Cholame, wani ɗalibi a cikin Ford ya karyo kwana ya shiga gabansa. Dean ya rasu kafin a isa asibiti, makaniken ya tsira da karaya, ɗalibin ya ɗan ƙuje. Binciken hukuma ya ce haɗari ne, ba laifin kowa. Kwana 9 ke nan motar ta yi a hannunsa.

Kamfanin inshora ya biya, ya sayar da ɓaraguzan ga wani likita mai sha'awar tsere, wanda ya cire injin ya sa a tasa motar. Ragowar gwangwanin ya faɗa hannun George Barris, wani mai yi wa motoci kwaskwarima a Holiwud, mutum mai bakin talla. Ya riƙa yawo da ita gari gari ana nunawa a wuraren faɗakarwa kan tuƙin ganganci. Daga nan labarai suka fara tsira. Wai ta zame daga kan tirela ta karya ƙafafun makanike. Wai ta faɗo wa wani ɗalibi ta karya masa ƙugu. Wai ta kashe direban babbar motar da ta ɗauko ta. Wai duk wanda ya sayi ko da tayarta sai ya gamu da tsautsayi. A ƙarshe, in ji Barris, a 1960 aka rufe ta a cikin akwati daga Florida, da aka buɗe a Los Anjalis sai aka tarar wayam.

Akwai ƙwayar gaskiya a ciki, kuma ita ce ta riƙe sauran. A watan Oktoba na 1956, a wani tsere a Pomona, wani likita abokin mai injin ya daki bishiya ya mutu, shi ma mai injin ya yi haɗari a wannan rana. A 1959 gobara ta tashi a garejin da aka ajiye gwangwanin a Fresno. To amma tseren mota a shekarun 1950 sana'a ce da take cin rayuka kusan kowane wata, ko da kayan motar Dean ko babu. Lee Raskin, wanda ya shafe shekaru yana bin tarihin Dean da motocin Porsche, ya nuna cewa yawancin sauran labaran daga bakin Barris kaɗai suka fito, musamman a littafinsa na 1974, kuma yana ganin ɓatan motar ma shiri ne da aka yi lokacin da 'yan kallo suka fara raguwa. Ga kuma Alec Guinness, babban ɗan wasan Ingila, wanda ya ce ya haɗu da Dean mako guda kafin haɗarin, ya ga motar, ya gargaɗe shi cewa in ya shige ta ba zai kai mako ba. Sai dai fiye da shekara 20 bayan mutuwar duniya ta ji wannan daga bakinsa. Hatta makaniken da ya tsira, da ya rasu a wani haɗarin mota a Jamus a 1981, shekara 26 bayan na farko, sai da aka lissafa shi cikin waɗanda motar ta ci.

Hausawa na cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Wannan dai ta yi 'ya'ya har da jikoki. A 2005 wani gidan tarihin motoci a jihar Ilinoi ya sa ladan dala miliyan guda ga duk wanda ya kawo motar, ba wanda ya kawo. A 2021 aka yi gwanjon giyabos ɗinta, wanda lambar da ke jikinsa ta tabbatar da asalinsa, aka saye shi sama da dala 380,000. Wanda ya saya kuwa mai gidan nune-nunen kayan fatalwa ne a Las Begas. Da a ce tarihin Porsche ne ya ba ƙarfen nan daraja, da gidan tarihin motoci zai tafi.

Steve McQueen ya zo daga baya, kuma shi direba ne na gaske. A 1958 ya sayi Jaguar XKSS a kan dala 5,000, ɗaya daga cikin 16 da aka kammala kafin gobara ta cinye sauran a masana'antar da ke Coventry ta Ingila a 1957. Ya sayar da ita, ya kasa haƙuri, ya sake sayenta a 1977. Tana gidan tarihin Petersen a Los Anjalis. Wadda ta gagare shi ita ce koriyar Mustang da ya tuƙa a fim ɗin Bullitt na 1968, wadda dama ta kamfanin fim ce. Wani magidanci a jihar Niyu Jazi ya gan ta a tallar mujalla a 1974 ya saya a kan dala 6,000, matarsa malamar makaranta ta riƙa zuwa aiki da ita. A 1977 McQueen ya rubuto wasiƙa yana roƙon a sayar masa, mutumin ya ƙi. McQueen ya rasu a Meziko a watan Nuwamba na 1980 yana da shekara 50. A wannan shekara kulocin motar ya lalace, aka tura ta gareji, ta yi kusan shekara 40 a ɓoye. Ɗan mutumin ne ya fito da ita a 2018, da tsatsarta da lotsewarta, da wasiƙar McQueen a hannu. A watan Janairu na 2020 aka sayar da ita dala miliyan 3.74, ba tare da an sake mata ko fenti ba, don masu saye sun fi son tabon da fim ya bar mata.

Sai dai suna ma yana tsufa. Mutanen da suka ga McQueen a silima suna samari su ne suka zama attajiran da ke ɗaga hannu a wajen gwanjo, kuma su ma shekaru suna tafiya da su. Akwai wata Ferrari 275 ta 1967 da ya mallaka lokacin da yake aikin Bullitt. A 2014 aka yi gwanjonta a Monterey a kan dala miliyan 10 da 'yan kai, wajen ninki uku na abin da irinta marar suna take yi a lokacin. A 2023 aka sake kawo ta gari guda, wajen dillalai guda, da lambar inji guda da takardu guda. Dala miliyan 5.4 ta yi.